Jikata Ta Ɗora Saniyar Mumuni Bisa Gajimare

Malama Habi, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan ji kunya. Ni tsohon mushen lakol ne, wato malamin makaranta, kuma akwai abin da nake riƙe da shi a zuciya tun ranar 9 ga Nuwamba 1984.

A ranar na shiga wani buro, ofishin gwamnati, da hotuna goma sha ɗaya da na ɗauka da kamarata tsakanin Sae Sabuwa da Gidan Rumji. Shekarar fari ce: rijiyoyi busassu, rumbuna wayam, gawarwakin shanu a bakin hanya. Babban da na tarar ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce na zaɓi wuraren da suka fi muni don in ɓata sunan yankin. Bayan wata biyu aka tura ni ƙauyen da ko allo babu. Ni da na fito na ɗaya a ajinmu, a nan na ƙare aiki, ana kirana mai ƙarin gishiri.

Cikin hotunan akwai na Mumuni, Bafulatani makiyayi, abokina. Shanu sittin da uku gare shi. A hoton yana tsugune kusa da ta ƙarshe, wata ja mai dogon ƙaho, ta kwanta ta kasa tashi. Washegari ta mutu. Shi kuma bai ga damina ta gaba ba. Wannan hoton kaɗai na sa a gilashi. Fim ɗin kamarar tuni gara ta cinye.

Jikata Zainabu tana koyon zane da tsara hoto a Maradi. Malaminsu ya ba su aiki: a haɗa hotuna da yawa a kwamfuta su zama hoto ɗaya na abin da ba ya yiwuwa, amma ido ya yarda da shi. Ta zo hutu ta roƙi tsofaffin hotuna, na ba ta akwatin da suke ciki, har da na gilashin, ban tambayi me za ta yi ba.

Ga abin da ta yi. Ta yanko saniyar Mumuni ta kwantar da ita bisa gajimare mai ciyawa. Ta share haƙarƙarinta da suka fito, ta sa mata ƙiba. Ƙarƙashinta ta sa busasshiyar rijiyar nan, ruwa na zuba cikinta daga sama, ga itacen gawo a gefe da ta ɗauko daga wani hoton. Ta yi mini bayani da murna yadda ta daidaita inuwa duk ta faɗi gefe ɗaya, ta rina launuka su zama na yamma guda. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi. An ba ta maki sha takwas cikin ashirin. Yanzu yana yawo a wayoyin matasan garinmu Cadawa, suna cewa dubi yadda saniya take hutawa. Hutawa. Ranar nan ina tsaye a wurin, na ji numfashinta.

Na kai gaskiya an ce ƙarya ce, ita ta haɗa ƙarya ana tafa mata. Ranar Asabar za a rataye shi a lakol ɗinsu, iyaye su zo kallo, kuma na yi niyyar in je in sauke shi da hannuna.

Mumuni ba ya cikin hoton nata. Da na matsa mata, sai ta yi kuka ta faɗi dalili. Shekara arba'in takardar ta manne da gilashi, da ta ɓamɓare ta fuskarsa ta tsaya a jikin gilashin. Ta zaci datti ne, ta wanke. Ɗiyarsa Dija tana goye lokacin farin. Bara ta aiko a tambaye ni kamannin ubanta, na ce ta zo bayan girbi ta gani. An gama girbi. Hoton ba shi da fuska.

Tsohon Mushe, Cadawa

Baba Mushe,

Fushinka yana da tushe. An zalunce ka a 1984, kuma fuskar Mumuni asara ce ta gaske. Zainabu ta yi ganganci da ta taɓa tsohon hoto ba ta nemi wanda ya sani ba.

Amma na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka taɓa ba ta labarin saniyar ba. Ka miƙa mata akwati, ba ka miƙa mata tarihinsa ba. Ita saniya ta gani a kwance. Kuma aikinta ba irin ƙaryar da aka yi maka ba ce, don ba wanda ya ce shanu na kwana bisa gajimare. Wanda ya ƙaryata ka ba ita ba ce, kada ka sauke mata fushin shekara arba'in gaban abokan karatunta.

Yau ka kira ta ka tambaya ko ta ɗauki hoton da waya kafin ta cire shi daga gilashi. Ɗalibai da yawa suna yin haka. Kada ka sa rai sosai, amma a duba.

Sannan ka zaunar da ita ka faɗa mata komai, har sunan Mumuni da adadin shanunsa. Ku roƙi malaminsu a rataye sauran hotuna goma kusa da nata, kowane da wuri da kwanan wata da sunanka. Hotunan da aka ƙi karɓa a buro, a bar iyaye su gan su ranar Asabar.

Dija kuwa kada ka jira ta zo. Ka je rugarsu da kanka, ka tafi da Zainabu da hoton yadda yake. Kai ne ka san tsawon Mumuni da muryarsa da yadda yake kiran shanunsa. Ka faɗa mata tun kana iya tunawa.

Allah ya jiƙan Mumuni, ya sanyaya maka zuciya, ya yi wa Zainabu albarka.

Malama Habi