Ranar da Lauyar ta Tambaye Ni

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, aikin wanki da guga a otal ba laifi.

Littattafan lauyoyi matan nan da kika cusa min a jaka, duk na karance su a cikin bas. Abin da ke burge ni, in kowa ya yi tsit a kotu, lauyar sai ta miƙe ta yi magana. Har nakan ce da ni ce, haka zan yi.

To Yaya, an kori abokiyar aikina, wai ita ta bar injin guga ya kama da wuta. Ina wurin, shugabanmu ne ya bar shi a kunne. Lauyarta ta zo, wata siririya, takalminta duk ya sha jiki. Ta ce, "Me kika gani?"

Na tuna takardun izinin zamana a ƙasar nan ta hannun otal ɗin suke. Na ce, "Ban ga komai ba."

Ta yi min godiya, ta bar lambarta. Godiyar nan ce ta hana ni sakat.

Don Allah kada Mama ta ji. Ranar Litinin zan kira lauyar in Allah ya yarda. Ki taya ni da addu'a, kada bakina ya sake mutuwa.

Ƙanwarki