Tsagar Ƙasa, a Aji da a Gonarmu

Laraba da dare, watan Yuli, Tsiga

Har yanzu jinin Yaya Sani na bakin zanena, na kasa wankewa.

Da safe na koya wa ɗalibaina yadda teku ke samuwa. Na ce ɓawon duniya faranti-faranti ne, suna motsi a hankali kamar tsiron farce. Inda biyu suka ja da baya sai ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya ɓullo ya daskare, ruwa ya cika ramin. Inda suka yi karo, ɗaya ya danne ɗaya, ƙasa ta girgiza.

Da la'asar aka kira ni gona. Duk damina ƙanenmu Bala sai ya tura garmar shanu kunya ɗaya cikin gonar Yaya. Yau ya tumɓuke gambar da marigayi Baba ya dasa a kan iyaka. Yaya ya shaƙe shi. Bala ya ɗaga fartanya ya sare shi a goshi. Ina ihu, "Bala, nono ɗaya kuka sha fa!" Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Yaya Hauwa, matsa, ba ruwanki."

Ɗinki bakwai aka yi wa Yaya. Inna ta ƙi taɓa tuwo.

Shekara da shekaru ina ganin iyakar nan tana matsawa, na ja bakina don kada a ce mace ta tsoma baki a maganar gona. Ni da nake koyar da cewa motsin da aka raina shi ke tsaga ƙasa! Gobe da wane baki zan ƙarasa darasin?