Tawadar Inna

Litinin, 6 ga Maris
Hedimasta ya ce in kwashe littattafan yara, a ajina za a yi rumfar zaɓe kamar kullum. Wai ya ji idan bana ma mutane ba su fito ba, za a haɗe rumfarmu da ta bayan kasuwa. Su haɗe mana. Ni dai a dawo min da bencina da ƙafafunsu.

Laraba, 8 ga Maris
Na yi suɓul da baka na faɗa wa Inna. Ga mai ciwon gwiwa irin nata, bayan kasuwa wata ƙasa ce. Tun ina goye ba ta taɓa fashin zaɓe ba, kuma in an shafa mata tawada a yatsa, sai ta yi mako tana lallaɓa wanke-wanke kada ta goge.

Ta ɗauki sanda ta bi maƙwabta gida-gida. Mai shago ya ce mata ƙuri'a ba ta ɗora tukunya. Tela ya ce an riga an san mai ci. Ta tambayi katin zaɓena, na ce ya ɓace.

Juma'a, 10 ga Maris
Ba ta yi min magana ba yau.

Asabar, 11 ga Maris
Na raka ta, don ba mai riƙe ta. An jera bencina a waje saboda layi, akuya ce kawai a ƙarƙashi. Malaman zaɓe suna danna waya, ɗan sanda yana gyangyaɗi. Inna ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, ba kowa, ki shiga."

Ta ce, "Bari in ɗan tsaya. Da a nan muke yini."

Abin ya sosa min rai, ban so ba. Da ta fito sai ta kwance bakin zaninta ta miƙo min katina. Ashe ta san inda na cusa shi. Na shiga don kada a yi ta magana.

Litinin, 13 ga Maris
An ce wanda ya ci, ƙuri'unsa a nan ba su kai yaran ajina ba. Batun rumfa shiru. Na tambayi hedimasta sau biyu, ban san me ya kai ni ba.

Laraba, 15 ga Maris
Tawadar ba ta fita daga yatsana ba tukuna. Ban dai cuɗa wurin sosai ba.