Makullin Zauren Baba

Sabonjida, Tamale

Zuwa ga ƙanena Tahidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Wasilatu da yara, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa Kano ta ci gaba da karɓar ku. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bana, doya ta fara shigowa kasuwar Aboabo, amma ni gwiwata ta hana ni zaman kasuwa kamar da, yanzu 'yata Basiratu ce ke kula mini da cinikin man kaɗe. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar nan ta fi ƙarfin waya, in na fara ta da baki kuka nake yi, kai kuma sai ka ce layi ne ba kyau.

Maganar yayanka Seidu ce da ɗansa Abdul-Rauf. Ba sai na tuna maka yadda ƙungiyar Seidu ta fara ba, kana wurin. Ranar Juma'a ce a babban masallacin unguwa, ya yi sammako ya zauna a sahun gaba, aka zo aka ce ya tashi, wai wani Alhaji ya aiko da dardumarsa tun safe an shimfiɗa masa. Ya fita ko takalmi bai ɗauka ba, kai ka biyo shi da su a hannu. Daga nan kuka fara karatu a zauren Baba, ku 'yan kaɗan a kan tabarma, ba shugaba, ba sakatare, doka ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi ke gaba, ko mai turin baro ne. Ni na share muku zauren nan, ni na dafa muku koko, ni na sha zagin matan unguwa da suke cewa gidanmu ya kawo sabon addini.

To, ɗan'uwana, ba za ka gane su ba yanzu. Suna da kwamiti, da kwamitin da ke duba kwamiti, da makaranta, da 'yan agaji masu kaki da usur. Malaman da suka kira su 'yan tawaye a da, yanzu tare suke zama a wurin suna da ɗaurin aure. Ban ce wannan laifi ba ne, marayu da yawa suna karatu a makarantar nan kyauta. Amma watan jiya da aka buɗe sabon masallacinsu a unguwar Gurugu, ina sama wurin mata, da idona na ga an jera dardumomi a sahun gaba tun kafin mutane su zo, na manyan baƙi da waɗanda suka taimaka da ginin. Abdul-Rauf ya zo da wuri ya zauna a can, kamar yadda ubansa ya koya masa tun yana ƙarami. 'Yan agaji suka ji nauyin taɓa ɗan shugaba, sai Seidu da kansa ya sunkuya ya ce masa ya koma baya, yau rana ce ta musamman. Yaron ya dube shi, ya tashi ya fita.

Tun ranar ba sa magana. Abdul-Rauf ya tara abokansa, masu tuƙa yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, da teloli da masu gyaran moto, wato babur, suna cewa ƙungiyar ta zama ta masu manyan riguna, su za su koma kan asali. Ya zo ya durƙusa ya roƙe ni makullin zaure. Seidu da ya ji, ya zo har ɗakina yana ta bayani, wai mutum goma ba kamar mutum dubu ba ne, jama'a in ta yi yawa dole a yi tsari, rufin masallaci kuma ba da tabarma ake yin sa ba. Na ce masa gaskiya ne, amma ai shi ma haka limamin babban masallacin unguwa ya gaya masa lokacin da aka tashe shi. Sai ya miƙe ya ce, "Yaya, in kika ba shi makullin nan, ƙafata ta bar gidan nan."

Na ba shi, Tahidu. Zauren Baba ne, ban hana uban ba, da wane baki zan hana ɗan? Da nake miƙa masa na ce in sun yi yawa kada su shimfiɗa wa kowa darduma. Ya yi dariya ya ce su har abada ba za su zama haka ba. Ko muryar irin ta ubansa ce. Na ɗauki tsintsiya na sake share wurin, bayana yana ciwo, ina tunanin wa zai share wa jikan in nasa lokacin ya zo. Na gaji ƙwarai, kuma ba gajiyar shara ba ce.

Abin da nake so a wurinka ɗaya ne. Ka kira Seidu. Kada ka yi masa wa'azi, ya fi mu duka sanin aya. Ka dai tambaye shi ko ya tuna wanda ya riƙo masa takalmi, ka gaya masa ɗansa da ya fita ba wanda ya bi shi. Ni ba ya ɗaukar wayata. Yakan wuce ta ƙofar gida a kan moto, ya rage gudu daidai zauren, sannan ya ƙara wuta.

Ka gaishe mini da Wasilatu da Sidiki da ƙaramar Rabi'atu. Basiratu da Abdul-Rauf suna gaishe ku. Seidu bai ba ni saƙon gaisuwa ba, tunda ban gan shi ba, amma har yau in na kwashe tuwo ina rufe kwanonsa in ajiye.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Zuwera