Autana ya miƙo mini ganyen da ba a ƙi

Goggo Aikande,

Ki taimake ni, 'yata, na rasa inda zan sa kaina. Matata Mama Rumisha ce ke rubuta wannan, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ni mutumin Kibosho ne, can gindin dutse, shekaruna saba'in da huɗu, kofi da ayaba nake nomawa. Yau kwanana ashirin da ɗaya a Jamus wurin autana Elisante, mai karatun aikin ruwa. Shi ya aiko mu zo mu ga an ba shi takardar kammala karatunsa. Na bar saniyata a hannun maƙwabcin da ko tasa ba ya ƙosar da ita. Nan kuwa an ajiye ni a hawa na tara, tagar ma faɗin tafin hannu take buɗuwa. Da safe Elisante ya fita, mu yi ta kallon bango. Sau ɗaya na sauka ni kaɗai, ƙofar ƙasa ta kulle a bayana, na tsaya cikin sanyi har wata tsohuwa mai kare ta zo ta buɗe. Na gaishe ta, karen ne kawai ya dube ni.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Kin san a al'adarmu gonar gida ta auta ce. Yayyensa na sallame su tuntuni, babban, Rumisha, wanda ake kiran uwarsu da sunansa, yana garin Arusha da shagonsa. Ubana da kakana a gonar nan suke kwance, ni ma can zan kwanta, kuma auta ne zai riƙa share wurin. Shi ya sa na bar shi ya tafi. Na ce ya koyo ruwan ya dawo ya gyara mana magudanar da ke saukowa daga dutse.

Ranar Lahadi da muka dawo daga coci, cocin da ban ji ko kalma ɗaya ba, sai ya ce wai an ba shi aiki a nan, ba zai dawo ya zauna ba. Na buɗe baki zan faɗi irin maganar da uba ba ya iya janyewa. Kafin ta fito ya tashi ya nufi wata shuka da ke cikin tukunyar roba a kusurwar ɗaki, ya tsinko ganye, ya ƙulla shi, ya durƙusa ya miƙo mini. Isale ne, Goggo, shukar nan da muke dasawa a iyakar gona da kan kabari. Kwana goma sha bakwai ina zaune kusa da shi ban gane shi ba, don ban taɓa zaton za a ajiye shi a ɗaki kamar fure ba.

Ke ma kin sani, ba a ƙin isale. Duk girman laifi, in an miƙo maka shi sai ka yafe. Ban karɓa ba, ban kuma ce na ƙi ba. Da gwiwarsa ta gaji ya ajiye shi a kan tebur. Yau kwana huɗu muna cin abinci a gefensa, bakin ganyen ya fara naɗewa.

Ni dai na ce wannan ba isale ba ne. A kanti aka saye shi. Bai taɓa shan ruwan dutsenmu ba, ba ya kan iyakar kowa, ba ya kan kabarin kowa. Kuma tarko yaron nan ya haɗa mini, ya san abin da zan faɗa, ya tanadi abin toshe mini baki. Mama Rumisha kuwa cewa ta yi, "Tsoho, da kai da ganyen nan za mu ga wanda zai riga bushewa." Haka take mini magana shekara arba'in da bakwai.

In na karɓa, na saki gonar ubana ke nan. In na ƙi, kuma ya kasance isale ne na gaske, na jawo wa gidana abin da ba zan iya saukewa ba. Jirginmu saura kwana tara. Yaya zan yi?

Tsoho a hawa na tara

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama da ta yi haƙurin riƙe alƙalami.

Zan fara da inda kake da gaskiya. An kira ka biki, aka tare ka da labarin da ya kamata ka ji tun kana gida, inda za ka iya fita ka zaga gona ka huce. Elisante bai kyauta ba a nan, kuma ka faɗa masa. Damuwarka kan wanda zai kula da kaburburan iyayenka ba rigimar tsufa ba ce.

Batun ganye kuwa, kai ma ka san amsar. Da ka tabbata ba isale ba ne, da tun ranar Lahadi yana cikin shara. Ka kira shi tarko. Ni abin da na gani, yaro ne a ƙasar da ba wanda ya san darajar wannan shuka, ya nemo ta, yana ba ta ruwa. Wanda ya yar da gida ba ya wannan wahalar.

Inda ka ɗaure kanka shi ne ka haɗa abu biyu. Yafiya ganyen ya roƙa, bai yanke hukuncin gona ba. Ka karɓe shi yau, kada ka jira ranar tafiya. Gobe ku zauna ka tambaye shi dalla-dalla: aikin na shekara nawa ne? Zai riƙa zuwa kowace Disamba? Wa zai riƙe gonar kafin nan? Ku kira Rumisha a waya a yi maganar da shi, in kun koma dattawan dangi su tabbatar da ita.

Ba zan yi maka alkawarin zai dawo ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne, in ka hau jirgi ka bar ganyen nan a kan tebur, kunya kaɗai za ta hana shi tako gonar, ko da ransa yana so. In ka karɓa, ƙofa a buɗe take.

Allah ya huci zuciyarka, Baba, ya mai da ku gida lafiya.

Goggo Aikande