Cukun da Baba Ya Ci

Alhamis, bayan isha'i

Yau Baba ya ci abinci! Tun da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko kunu sai da lallashi.

A kasuwar Shinkafi na ga wata Buzuwa da busasshen cuku, na saya don ban taɓa ci ba. Ina gutsura a tsakar gida, Baba ya ɗago kai.

"Ke Hadiza, miƙo in gani." Ya shinshina, ya yi dariya. "Wanga ai cukun akuya na! Rabona da shi tun ina fatauci Nijar."

Ya sa aka daka masa a fura, ya shanye tas. Inna har da hawaye.

Ga shi can yana faɗa, wai na sayo kaɗan. Alhamdulillahi, faɗan Baba ya dawo.