Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana na fari, mai shagon ɗinki a Fatakwal. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan saƙo ya same ka, kai da matarka Rabi da yaran, cikin rufin asirin Allah. Yaya aiki, yaya ruwan garin naku da ba ya ɗaukewa?

Ga labarin gida. Malam babanku yana nan lafiya, sai gwiwa da ke damunsa in zai tashi daga kan buzu. Ya ce ba komai, amma daga madafa nake jiyo nishinsa. Kakarka Iya ta Dugabau ta rabu da tarin nan, ta koma yi wa kowa faɗa, ka ga ta warke ke nan. Ƙanwarka Sadiya cikinta ya tsufa, ƙafa ta kumbura, amma cin abinci ba a magana. Kawu Sale na Madadi ya faɗo daga kan amalanke ya gurɗe hannu, bakin dai bai gurɗe ba. Jar akuyar nan ta haifi biyu. Ni ma ina lafiya, kuma yanzu in na ce lafiya, lafiyar nake nufi.

Saura mutum ɗaya da na rasa inda zan sa shi, cikin masu lafiya ko cikin marasa ita. Kai ne.

Waya ba ka ɗauka. In an yi sa'a ka ɗauka, daga “lafiya lau” sai “a gai da mutanen gida”, ka kashe. Sadiya ta ce kana leƙa wannan shafi na intanet, ana ganin alamar ka shigo, shi ya sa na ce ta buɗe mini, na zauna ina dannawa da yatsa ɗaya. Na san wasu za su karanta. Su karanta. Yawancin asirin da zan tona nawa ne, ɗan abin da ya shafe ka kuwa ba sata ka yi ba.

Ka san ni da kai ba mu saba magana ba. Kai ɗan fari ne. Ana yaye ka Iya ta ɗauke ka, ka tashi kana ce mini Yaya kamar yadda ƙannena ke cewa. Ni kuma ban taɓa kiran sunanka ba, daga “yaron nan” sai “na wajen Iya”. In ka zo gaishe ni ka durƙusa a bakin ƙofa, sai in kau da kai in yi ta tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Haka Iya ta yi wa babban wanmu, haka na tarar, kuma ban ga aibunsa ba. Sai dai in kana zaton tsokar da ta fi girma a kwanonka take faɗawa bisa kuskure, to yau ka sani ba kuskure ba ne.

Da ka zo Babbar Sallah, ta bayan labule na kalle ka, kamar kullum. Na yi maka dambun zogale, kai da ke kankare tukunya har in ce a bar mini gindinta, sai kwano ya dawo kusan yadda ya tafi. Rigar bara ce a jikinka, maɓalli ɗaya yana lilo. Tela guda, ranar Sallah, da maɓalli yana lilo. Abokanka suka yi sallama za su tafi da kai majalisarku ta bakin tasha, ka ce a ce musu kana barci. Ka ɗauki tabarma ka zauna a gindin darbejiya kana kallon katanga har aka kira la'asar. Kowa ya ce gajiyar hanya ce. Ni kuwa na san wannan zaman. Na yi shi, a gindin wannan bishiyar, ina kallon wannan katangar.

Shekarar da aka kai Sadiya ɗakinta, an gaya maka taifot nake yi. Ba taifot ba ne. Babu inda ke yi mini ciwo da zan nuna da yatsa. Kawai komai ya daina daɗi. Abinci ya zama kamar dusa. Ni da unguwa ke tashi da ƙamshin suyar ƙuli-ƙulina, sai ga buhun gyaɗa a jingine har ƙwari suka shige shi, ina gani, na kasa ɗaga hannu. Wanka ya zama aiki. In mata suka zo barka ko zumunci, sai in ji kamar daga cikin rijiya nake jiyo muryarsu. Har na kai ga ganin da ni da babu ni duk ɗaya ne a gidan nan. Wannan ban taɓa gaya wa kowa a dangi ba sai yau.

Magani kuwa na sha shi. Maƙwabciyarmu Hajiya Gambo ta ce iska ce. Ta zo da kasko da garin hayaƙi, ta lulluɓe ni da bargo, aljanin bai fita ba, gefen labulena ne ya kama da wuta. Har yanzu ƙunar tana nan, ta wurin nake leƙenka. Kawu Sale ya aiko da wata saiwa mai ɗacin da ko akuya ta sansana sai ta ja da baya. Malam ya yi ta rubutu ina sha, Allah ya saka masa, har allonsa ya yi santsi don wanki. Abin da ya fi zafi shi ne masu cewa, “Ga miji, ga 'ya'ya, ga hatsi a rumbu, me kike nema?” Ya fi zafi ne domin ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Malam ne ya yanke magana. Wata safiya ya tsaya a kan buhun gyaɗar nan ya daɗe yana kallo, sai ya ce, “Rubutu ba za mu bari ba, amma gobe asibiti.” Ya ɗora ni a bayan mashin. A asibitin nan Gwarzo aka auna jini aka auna komai, ba a ga wani abu ba. Wata ma'aikaciya mai hankali ta yi mini 'yan tambayoyi, sai ta ce mu je Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Na ji tsoro ƙwarai. Na ɗauka zan tarar da mutane a ɗaure da mari. Da muka je, sai na ga benci cike da irinmu: wata mai goyo tana ba ɗanta nono, wani malamin makaranta da jaridarsa, wani Alhaji da babbar riga ta sha guga har tana ƙara. Kowa yana satar kallon kowa, kowa yana addu'ar kada ya ga ɗan garinsu.

Likitar yarinya ce, ba ta fi Sadiya ba. Ta tambaye ni yadda nake ji, na ce lafiya lau. Ta sake tambaya, na ce alhamdulillahi. Sai ta ajiye biro ta ce, “Inna, gaisuwa mun gama, yanzu amsa nake jira.” Na buɗe baki zan sake cewa lafiya, sai kuka ya riga ni. Ba ta hana ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na gama ta ce abin yana da suna, ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ba rashin godiya ba ne. Yakan zo da dalili, yakan zo babu dalili. Ranar na fara jin cewa ashe ba lalacewa na yi ba, rashin lafiya ce.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙwayar da ta rubuta mini ba ta aiki kamar maganin ciwon kai. Da farko jiri ta riƙa sa ni, makonni suka wuce ina cewa Malam asarar man mashin kawai muka yi. Amma likitar ta riga ta gargaɗe ni kada in daina da kaina, in wani abu ya dame ni in koma in faɗa. Nakan koma mu zauna, ta yi tambaya, in yi ta zuba kamar ba ni ba. Sauƙin a hankali ya zo, ban ma san ya iso ba, sai ranar da kajin Hajiya Gambo suka shiga shanyar gyaɗata. Na bi su da muciya, na tsaya ta kan katanga na wanke Hajiyar tas. Ina juyowa na ga Malam a bakin zaure yana dariya yana share ido da hannun riga. Ya ce, “Matar gidan ta dawo.”

Likitar ce kuma ta ce in nemi wurin da zan riƙa zuwa, inda in ban je ba za a tambaya. Haka na shiga ajin manyan mata a Unguwar Tudu, da furfurata, ina koyon baƙaƙen boko. Ka ga wannan rubutun da kake karantawa, ciwon ne ya bar mini shi. Wata rana malamarmu ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta. Na fara daga na biyu. Da ta zagayo dubawa sai ta ga rabin ajin haka muka yi, aka yi ta dariya har wata ta ƙware. Malama ta ce rubutawa ai ba kira ba ne. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko lallashinmu take yi. Amma da na dawo gida na ɗauki tsinke na zana naka a tokar murhu, na kalle shi, na share da ƙafa kafin wani ya shigo. Tun daga nan kusan kullum sai na yi. Duk sunayen da na iya, babu wanda hannuna ya ƙware a kai kamarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ni ba likita ba ce, mai yiwuwa abin da ke damunka daban ne da nawa. To ka je a duba, su faɗa. Ka gaya wa Rabi gaskiya, yarinya ce mai hankali, kuma na tabbata ta riga ta gani tana jiran ka buɗe baki. Kada ka ce kai namiji ne. Alhajin nan mai babbar riga ma namiji ne, har hularsa ta fi taka tsayi. Kada ka bar addu'a, kada kuma ka ce ita ta hana ka asibiti, babanka malami ne kuma shi ya tuƙa mashin ɗin. In kuwa tunanin nan ya taɓa zo maka, cewa da kai da babu kai duk ɗaya, to wannan ba ya jiran kowace rana. A take ka gaya wa Rabi, a take ku tafi asibiti. Ciwon ne ke faɗin haka, kuma ƙarya yake yi. Ni ya gaya wa, ga ni ina jiran jika daga Sadiya.

Larabar sama zan koma ganin likitata. In ka yarda, zan tambaye ta inda ya kamata ka je a can garin naku. In kuma ka fi son ka zo gida, ka zo mu tafi tare mu zauna a benci ɗaya. In kunya kake ji, zan kau da kai, ka san na iya.

Amma sai na ji daga gare ka kafin in tafi. Ko kalma biyu ce, ko “na gaji” ce, ko “ban sani ba”. Abu ɗaya na hana ka, kada ka rubuto mini “lafiya lau”. Mun gama gaisuwa a saman takardar nan. In Talata ta wuce shiru, ina fitowa daga wurin likita tasha zan nufa in hau motar Fatakwal. Ka san ni da mota, daga Gwarzo zuwa Kabo ma da leda da lemon tsami nake isa. Ka dubi wahalar direban, ka dubi abin da mutanen Dugabau za su ce in suka ji uwa ta tafi takanas gidan ɗan fari. Iya ta ce ƙafarta ƙafata, kuma ba ta san dalilin tafiyar ba tukuna, faɗa kawai take marmari.

Allah ya yaye maka abin da ke danne maka ƙirji. Allah ya mayar maka da daɗin abinci da daɗin barci da daɗin ƙarar kekenka. Allah ya haɗa ka da likita mai sauraro, ya ba Rabi juriya, ya raya muku yaran. Allah ya sa in sake ganin ka kankare mini tukunya. Amin.

Ni ce wadda kake kira Yaya,
mahaifiyarka, daga Gwarzo.

Na ce wa Sadiya ta juya baya, wannan layin ba na son kowa ya taya ni, kuma a nan babu toka balle in share.

Nafi'u. Ɗana Nafi'u, ka amsa mini kafin Talata.